Darasi na 9: Zuwa wurin aiki a kan keke mai manyan taya

Wani magini da ke zaune a unguwar Garin Malam ta Damagaram ya sayi keke na hannu, irin mai manyan taya masu haƙora da giya barkatai, wanda masu boko ke cewa VTT. Sati ɗaya ya yi yana hawansa zuwa wani gini da suke yi a hanyar Mirriya. Ran Juma'a da yamma ya turo shi ƙofar gidan kawunsa, tsohon mai gyaran keke, ya jingine shi da bango.

Ya ce: "Kawu, an cuce ni. Wannan ba keke ba ne, jaki ne mai taurin kai. Kafin in kai wurin aiki riga ta jiƙe, gwiwa tana ciwo, kamar na riga na yi aikin yini."

Tsohon bai ce komai ba tukuna. Ya danna taya da babban yatsa, ta lotsa. Ya shafa sarƙa, yatsansa ya fito baƙi ƙirin da rairayi a jiki. Ya duba giya, ya ga tana kan mafi tauri. Sannan ya kalli sirdi, wanda aka sauke shi ƙasa kamar na yaro ɗan shekara goma.

Ya ce: "Ɗana, keken nan yana da nauyi, gaskiya ne. Amma rabin nauyin da kake ji kai ka ɗora masa."

A wannan darasi za mu bi abubuwan da tsohon ya taɓa da hannunsa. Kowa ya buɗe littafinsa na rubutu, domin akwai lambobi da za mu karanta, akwai kuma lissafin kuɗi.

Asalin wannan keke

Ba don zuwa aiki aka ƙera shi ba. Wasu samari ne a Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka fara haɗa irinsa a shekarun 1970, don gangarowa daga kan tsauni da gudu. A 1981 kamfanoni suka fara ƙera shi da yawa don sayarwa. Shi ya sa yake da ƙarfe mai kauri da taya mai faɗi. Masu arha da suke zuwa mana, na baƙin ƙarfe, sukan kai kilo 15 zuwa 18. Ka ɗaga shi da hannu ɗaya ka ji.

To me ya sa mutumin Damagaram zai saye shi? Ka dubi hanyar da kake bi. Daga ƙofar gidanka lungu ne mai rairayi. Ka fito ka hau jar ƙasa mai tsakuwa. Sai ka samu kwalta, ita ma da ramuka, gefenta kuma rairayi ya cinye. In ta tsohuwar unguwar Birni ka bi, ga duwatsu, ga hawa da gangara. Keke mai siririyar taya yana gudu a kwalta, amma yana shiga rairayi sai ya nutse ya kayar da mai shi. Mai faɗin taya yana tafiya a saman rairayin. Nauyinsa shi ne kuɗin da kake biya don wannan.

Akwai iri guda da ban ba kowa shawarar saye ba: wanda yake da babban sifirin a tsakiya, ƙarƙashin sirdi. Yana da kyan gani, samari suna sonsa. Amma duk sanda ka taka feda sai ya lotsa ya tashi, ƙarfinka ya tafi a rawa. Ga shi ba wurin ɗaura kariya, wato mazaunin kaya, a baya, mai zuwa aiki kuwa yana da kwanon abinci da kayan aiki.

Taya

Ku tsuguna ku dubi gefen taya. Akwai rubutu a jikin robar. Za ku ga wani abu kamar haka: 26 x 1.95. Lambar farko, 26, girman ƙafar keken ce. Ta biyu faɗin tayar ce. In za ka sayi sabuwar taya ko tub a kasuwar Dole, ka rubuta wannan lamba a takarda ka tafi da ita. Lambar farko dole ta zama ɗaya da ta tsohuwar. Ta biyu kana iya rage ta kaɗan.

Wannan ragewa tana da amfani ga wanda mafi yawan hanyarsa kwalta ce. Kun taɓa jin ƙugin da taya mai haƙora ke yi a kan kwalta? Wannan ƙugi ƙarfin cinyarka ne yake zubewa a hanya. In tayar ta ƙare, ka nemi mai ƙananan haƙora, kamar 26 x 1.75. Keke ɗaya ne, amma za ka rantse an canza maka shi. Wanda hanyarsa rairayi ce tun daga gida har wurin aiki, ya bar masu haƙoran.

Sai iska. Taya maras iska ita ce babbar ɓarauniyar ƙarfi. Kowace safiya ka danna ta da babban yatsa. Don kwalta, ta yi tauri, da ƙyar ta lotsa. Don rairayi mai zurfi, a rage kaɗan, domin tayar ta baje. Kaɗan na ce. In ka rage da yawa ka hau dutse ko bakin rami, ƙarfen ƙafa zai matse tub ya huda shi wuri biyu dab da juna, kamar saran maciji. Duk sanda mai faci ya nuna maka huda biyu a jere, ka san ba ƙaya ba ce, rashin iska ne.

Da bazara, watan Afirilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a garin nan. Iskar cikin taya tana kumbura da zafi. Kada ka cika ta tam da safe sannan ka bar keken a tsakiyar rana har azahar. Ka nemar masa inuwar bedi ko gindin bango.

Ƙaya kuwa, mun saba da ita. Tsidau ne ya fi ɓarna, domin yana kwance a ƙasa da tsininsa sama, ya fi yawa kuma bayan damina a gefen hanya da gajerun hanyoyin cikin fili. Ƙayar aduwa in ta shiga ba ta da sauƙi. Dabarar masu gyara ita ce a tsaga tsohon tub a shimfiɗa shi cikin taya kafin a sa sabon. Yana ƙara ɗan nauyi, amma yana rage zaman jiran faci. In an yi maka faci, ka sa a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a ciro ƙayar. Mutane da yawa sun biya faci biyu a rana ɗaya saboda ƙaya ɗaya.

Giya

A nan ne maginin ya fi cutar kansa. Mutane da yawa suna sayen keke mai giya 18 ko 21, su yi shekara a kan giya ɗaya, wai suna tsoron kada ta lalace.

Ku ƙirga tare da ni. A wurin feda akwai faifai masu haƙora guda 3. A ƙafar baya akwai 6 ko 7. In 3 ne a gaba 7 a baya, 3 sau 7 ya zama 21. Ga inda lambar ta fito.

Abin riƙewa kaɗan ne. A gaba, ƙaramin faifai shi ne mai sauƙin takawa. A baya kuma akasin haka ne, babban faifai shi ne mai sauƙi. Hannun hagu yana canza na gaba, hannun dama yana canza na baya. Mai zuwa aiki a cikin gari ya bar sarƙa a faifan tsakiya na gaba, ya riƙa wasa da na baya kawai. Ya isa.

Ana canza giya ne ana cikin juya feda, amma da sassauci. Ba a canzawa a tsaye. Ba a canzawa kuma lokacin da kake danna feda da dukan ƙarfinka a tsakiyar hawa, a nan ne sarƙa ke tsinkewa ko ta faɗo. Ka hango rairayi ko tudu, ka sauƙaƙa giya tun kafin ka isa. In ka shiga rairayin, ka matsa baya a kan sirdi, kada ka ƙanƙame kan keke, kada ka daina juya feda, ka sa ido inda za ka fita.

Wasu suna ganin juya feda da sauri a giya mai sauƙi aikin rago ne, namiji shi ne mai taka mai tauri. Gwiwa ba ta san wannan magana ba. Mai taka giya mai tauri kullum, shi ne mai neman man shafawa da dare.

Sirdi da sarƙa

Ka hau sirdi, wani ya riƙe maka keken. Ka sa diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi daidai. In gwiwa ta lanƙwashe, a ɗaga sirdi. A jikin sandar sirdin akwai wani zane da aka yi, kada a ɗaga ta har zanen ya fito waje, za ta iya karyewa.

Sarƙa tana son mai, ƙura ma tana son mai. Da hunturu, in ka zuba mai da yawa, kafin kwana biyu ya haɗu da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoran faifai. Baƙin man da aka juye daga inji ya fi kowane kama datti, ko da yake na san shi ne a kusa kuma kyauta ne. Sau ɗaya a sati ka goge sarƙa da tsumma da ɗan kananzir, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai maras kauri kamar na keken ɗinki, ka juya feda baya, sannan ka sake gogewa. Man da ke aiki yana cikin gaɓoɓin sarƙa. Wanda ke sheƙi a waje na ƙura ne.

A kan hanya

A Nijar hannun dama ake bi, keke ma haka. Babbar hanyar da ta ratsa garin nan daga Yamai zuwa Diffa, da wadda ta nufi Tanut da Agadas, manyan motoci da tankokin mai suna bin su. Direban babbar mota ba ya ganin wanda ya raɓe a gefensa, musamman wurin kwana. Ka bar shi ya wuce. Ran Alhamis, ranar babbar kasuwa, amalanke da dabbobi da adaidaita suna cika hanya, ka fito da wuri.

Ka gwada birki tun a ƙofar gida, ka san wane hannu ne na gaba, domin kekunan hannu ba duka suke ɗaya ba. Kada ka damƙe birkin gaba shi kaɗai a kan rairayi ko tsakuwa. Ka ɗaure ƙafar wandonka ta dama, ta wajen sarƙa, in kuma doguwar riga ce ka tattare ta. Mai fita da asuba ko dawowa bayan magariba, irin masu gadi, ya sa fitila a gaba da abu mai ƙyalli ja a baya.

Game da zufa, kada ka yi tsere da kabu-kabu. Tafiyar kilomita 6 a natse ba ta fi minti 30 ba. Ka ƙara minti goma a kan lokacinka, ka isa ka sha ruwa ka huce kafin a fara aiki. Keke yana da iyakarsa kuma. Mirriya kilomita 18 ce, mai ƙarfi yana iya zuwa ya dawo. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ta fi kilomita 50 daga gari, wannan ba tafiyar keke ba ce kowace safiya.

Lissafi

Da baki muna ƙirga kuɗi da dala, a takarda kuma ana rubuta sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala arba'in ana rubuta ta 200 F. Jika ɗaya ana rubuta ta 1000 F. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai, kowa ya sake lissafin da abin da yake biya.

Mu ɗauka maginin yana biyan kabu-kabu 200 F zuwa, 200 F dawowa. A rana 400 F ke nan. Yana aiki kwana 26 a wata. 400 sau 26 ya zama 10400 F, wato jika goma da dala tamanin. Mu ɗauka faci da mai da sauran gyaran keke suna cin 1400 F a wata. Nawa ya rage a aljihunsa? In ya sayi keken 45000 F, wata nawa zai yi kafin keken ya biya kuɗin kansa? Ku yi a allo, mutum biyu biyu.

Aikin gida

Ka nemi keke a unguwarku, naka ko na maƙwabci. Ka kwafo lambar da ke jikin tayarsa. Ka ƙirga faifan gaba da na baya, ka rubuta yawan giyarsa. Sannan ka rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku, ka lura da haruffa masu lanƙwasa: sarƙa, ƙaya, faɗi, ɗaga, ɓarna, ƙura.

Wanda yake da keke ya zo da shi aji mai zuwa, da tsumma. Za mu daidaita sirdi a tsakar makaranta kafin mu shiga karatu.