Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa gungun VM masu karɓar aikin juna

Dalilin haɗa VM (kwamfutar da manhaja ke kwaikwaya a cikin kwamfutar zahiri) biyu ko uku cikin gungu shi ne, idan ɗaya ta mutu, wata ta karɓi aikin kafin masu amfani su ankara. Sai dai kurakuran da ake yi ba sa fitowa fili sai ranar da aka buƙaci gungun.

Mafi sauƙin gyara shi ne ɗora duka VM ɗin a kan saba guda, wato kwamfutar zahiri ɗaya. Wutarta na ɗaukewa, duk sun tafi tare. A VMware, manhajar da ke tafiyar da VM, sa doka a DRS, sashen da ke rarraba VM a kan sabobi, da ke hana su zama wuri ɗaya.

Wanda ya fi damuna shi ne kashe STONITH, tsarin da ke kashe na'urar da ta daina amsawa a gungu. Mutum ya girka Pacemaker, mai kula da ayyukan gungu, da Corosync, mai isar da saƙonni tsakanin na'urorinsa, ya ga ayyuka sun ƙi tashi, sai ya rubuta stonith-enabled=false don ya huta. Ranar da netwok ya katse tsakanin na'urorin, kowacce za ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu. Kowacce ta ɗauki adireshin IP ɗin, ta hau faifai ɗaya tana rubutu. Wannan ita ce rabuwar kai, kuma idan faifan ext4 ne ko XFS, waɗanda ba a yi su don na'urori biyu su hau lokaci guda ba, bayanai sun lalace ke nan. Aikin STONITH shi ne ya kashe wadda ake shakka a kanta kafin a miƙa aikinta. Cikin kayan da ke aika umarnin kashewar akwai fence_vmware_rest a VMware, akwai fence_virsh da fence_xvm a KVM, mai tafiyar da VM a Linux. Amma a kula: idan vCenter ɗin (cibiyar sarrafa sabobin VMware) da za a aika wa umarnin kashewa yana kan sabar da ta mutu, wa zai amsa? Shi ya sa nake son a ƙara SBD, mai sa na'urar da ta sami matsala ta kashe kanta, a matsayin hanya ta biyu.

Sai batun ƙuri'a: idan gungu ya rabu, ɓangaren da ke da rinjaye ne ke ci gaba da aiki. Na'urori biyu ba sa ba da rinjaye idan suka rabu, ɗaya da ɗaya ne. A ƙara ta uku, ko a girka corosync-qnetd a wata ƙaramar na'ura daban ta zama mai raba gardama.

Corosync ba ya jure jinkiri. Kada a haɗa shi layi ɗaya da kwafin ajiyar bayanai, kuma a buɗe masa ƙofar netwok ta UDP 5405. Ɗaukar sinafshot, wato adana halin da VM ke ciki a wannan lokacin, ma yakan daskarar da VM na ɗan lokaci, sauran su zaci ta mutu su kashe ta. A daidaita agogon na'urorin da manhajar chrony. Duk aikin da Pacemaker ke riƙe da shi kuma, a hana systemd, mai tayar da ayyuka a Linux, tayar da shi da kansa.

Gwaji kuwa, kashe na'ura cikin lumana bai isa ba. A yanke wa VM wuta farat ɗaya, a cire mata netwok, a kashe sabar gaba ɗaya, kowane karo ana duba halin gungun da umarnin pcs status ana ƙirga daƙiƙun da aikin ya ɗauka kafin ya dawo.