Darasi na 7: Cinikin Shanu Ba Tare da Gwanjo Ba

Manyan hanyoyin sayar da shanu biyu ne. Ta farko ita ce gwanjo. A tara shanu wuri ɗaya, a fito da su gaban jama'a, masu saye su yi ta tayi, wannan ya ɗora a kan na wancan, wanda tayinsa ya fi na kowa shi za a sallama wa. Ta biyu ita ce darasinmu na yau. Mai shanu da mai saye su zauna su biyu, su yi magana, su daidaita a kan kuɗi da sharuɗɗa, babu taro, babu mai buga gwanjo. A Ingila da Amurka da Ostareliya, sunan da ake rubutawa a takardun talla don irin wannan ciniki yana nufin yarjejeniya tsakanin mutum biyu. Mu a nan za mu kira shi cinikin kai-tsaye.

Kada wani ya ɗauka ciniki ne na ɓoye. Mai shanu yana iya tallata dabbobinsa a jarida ko a intanet, har ya rubuta kuɗin da yake nema. Yana ma iya sa dillali a tsakani. Bambancin yana wajen yanke kuɗi ne. A gwanjo, gasar masu tayi ce ke yanke shi. A cinikin kai-tsaye kuwa, bakin mutum biyu ne, kuma kowannensu yana da ikon ya tashi ya tafi idan bai gamsu ba.

A karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu.

Mai saye: Baba, waccan karsanar mai farin goshi, shekararta nawa?
Mai shanu: Biyu da 'yan watanni. Buɗe bakinta ka gani da idonka, ɗana.
Mai saye: Tana da ciki?
Mai shanu: Likitan dabbobi ya duba ta makon jiya, ya ce wata uku. Ga takardar.
Mai saye: Ina uwarta?
Mai shanu: Ga ta can a inuwa tana tuƙa. Haihuwarta biyar, ba ta taɓa ɓari ba.
Mai saye: To Baba, na taya kaza.
Mai shanu: Albarka. Je ka kwana da shawara, gobe ma rana ce. Karsana ba ta gudu.

Ku lura da abin da mai saye ya samu a wannan 'yar hira. Ya ga uwar karsana, ya ga takardar likita, ya ga garken da dabbar ta tashi a ciki, an kuma ba shi dare guda ya yi tunani. A filin gwanjo sau da yawa dabba ba ta wuce minti ɗaya ko biyu a gaban mutane an buga an sallama. Wanda zai sayi na yanka ba zai damu sosai ba. Amma mai neman bijimin barbara ko karsanar da za ta zauna masa shekaru tana haihuwa, minti biyu bai ishe shi ba. Shi ya sa masu kiwon shanun iri da yawa suka fi son sayarwa a gonarsu, ɗaya bayan ɗaya.

Shi ma mai sayarwa yana da tasa ribar. Ba zai biya la'adar gidan gwanjo ba, ba zai ɗauki hayar mota zuwa kasuwa ba, ba zai kai dabba ranar da masu saye suka yi ƙaranci ya dawo da ita a gajiye ba. Sannan akwai maganar cuta, wadda ba ƙarama ba ce. Duk inda aka haɗa dabbobi daga garke daban-daban, cuta ta sami hanya. A shekarar 2001 ciwon baki da kofato ya ɓarke a Birtaniya, kuma zirga-zirgar dabbobi ta kasuwanni na cikin abin da ya watsa shi. Kafin a shawo kansa an kashe dabbobi fiye da miliyan 6, an rufe kasuwannin dabbobi tsawon watanni. Dabbar da ta tashi daga garke ɗaya ta sauka a wani ba tare da ta bi ta kasuwa ba, ta tsallake wannan cakuɗa.

Abin da gwanjo ke yi maka ba ka sani ba

A nan ne ya kamata mu daɗe, don a nan ake yawan yin kuka. Gidan gwanjo ba don banza yake karɓar la'ada ba. Shi ke tara masu saye har kuɗi ya kai inda zai kai. Shi ke auna dabba a sikelinsa. Shi ke karɓar kuɗi daga mai saye ya miƙa wa mai dabba. Shi ke rubuta wa ya sayar, wa ya saya, wace rana. Ranar da ka ce ba ka son gwanjo, duk waɗannan ayyuka sun dawo wuyanka.

Ɗauki maganar biyan kuɗi. A Amurka akwai doka tun 1921 mai kula da kasuwannin dabbobi. A ƙarƙashinta, dole gidan gwanjo ya ajiye kuɗin masu dabbobi a wani asusun banki na daban, wanda ba ya gauraya da nasa, ya kuma ba da jingina don ko da ya karye. Manomin da ya sayar wa wani manomi a ƙofar garkensa ba shi da wannan asusu a bayansa. Idan aka ba shi cek ya je banki aka ce babu kuɗi, shanu kuma sun riga sun yi nisa, sai dai shari'a. Don haka ƙa'idar mai sauƙi ce: kada dabba ta hau mota sai kuɗi ya tabbata a hannu ko a asusu. Saƙon waya mai cewa an turo kuɗi ba kuɗi ba ne, sai ka duba asusunka ka gan shi. Idan kun yarda a biya kashi-kashi, to a rubuta kafin alƙalami nawa aka bayar, saura nawa, wace rana za a cika, kuma dabbar a hannun wa za ta zauna kafin nan.

Sai maganar sanin kuɗin dabba. Wanda bai san abin da irin dabbarsa ke yi a kasuwa a wannan mako ba, zai sayar da arha yana murna, ko ya tsawwala har masu saye su daina zuwa. Kafin ka buɗe baki, ka bincika abin da aka sayar da sa'o'inta a gwanjo na kusa-kusa: shekaru ɗaya, nauyi ɗaya, iri ɗaya. Abin dariya ne, amma gaskiya ne, cewa mai gudun gwanjo ma da farashin gwanjo yake awo.

A kai ko a kilo?

Ana yin ciniki a kan kai, wato kowace dabba kaza, ko a kan nauyi, wato kowane kilo kaza. Shanun iri galibi a kai ake sayar da su. Na turke da na yanka kuwa an fi yi da nauyi, kuma nan akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya iya.

Saniyar da ta ci ta sha da safe ta fi nauyi a kan wadda ta kwana ba ci ba sha, alhali naman jikinsu ɗaya ne. Bambancin abin cikin tumbi ne, wanda zai fita kashi da fitsari a hanya. Saboda haka mai saye yakan nemi a zaftare wani abu daga nauyin da sikeli ya nuna, yawanci tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Ga misali. Shanu 10 ne, kowanne kilo 300, jimla kilo 3,000. Aka yarda da ragin kashi 3 cikin 100. Kashi 1 cikin 100 na 3,000 shi ne 30, sau 3 ya zama 90. Kilo 2,910 ke nan za a biya. Kilo 90 ɗin nan ya kusa sulusin sa guda, kun ga ba abin da za a bari sai an zo gaban sikeli a fara gardama ba ne.

Ga inda ake cutar wanda bai sani ba. Idan an riga an hana dabbobi ci da sha dare guda, ko an yi doguwar tafiya da su kafin awo, sun riga sun rage da kansu. A sake zaftare kashi 3 a kan haka, an rage sau biyu ke nan. A tsayar da magana tun farko: wane sikeli, ƙarfe nawa, sun ci ko ba su ci ba, ragin nawa.

Duba dabba

Ba a cinikin biri a sama. Hoto da bidiyo suna taimakawa, amma zuwa da kai ya fi saƙo. Ka sa a kora dabbar ta yi tafiya ka ga ko tana ɗingishi. Duba kofato, ido, hanci, hantsa, ka saurari numfashinta.

Baki shi ke faɗin shekaru. Shanu ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, amma a ƙasa suna da 8. Maraƙi yana tashi da ƙanana, sannan ya yi ta famfara biyu-biyu, manya suna fitowa daga tsakiya zuwa gefe. Manya 2 na farko sukan fito wajen shekara 2, kuma kafin 8 ɗin su cika dabba ta doshi shekara 4 zuwa 5. Wani iri yana saurin yi, wani yana jinkiri, amma idan aka ce maka karsana 'yar shekara 2 ce ka buɗe baki ka ga manya 8, ka san inda maganar ta kwana.

Abin da ido ba ya gani sai likitan dabbobi. Shi zai tabbatar da ciki da watanninsa. Cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka, wato wata 9 da 'yan kwanaki, don haka daga watannin za ka lissafa lokacin haihuwa. Shi zai gwada bijimi, ya auna gwaiwarsa ya duba maniyyinsa, domin bijimi yana iya cika ido amma ya gama daminar barbara babu saniya ɗaya da ta ɗauka. Shi ne kuma zai yi gwajin tarin fuka da cutar nan mai sa shanu ɓari, waɗanda dukansu suna kama mutane. Ko da takardu sun cika, idan ka kawo sabuwar dabba ka killace ta gefe kamar kwana 30 kafin ta shiga cikin garke.

Takarda

Mutane da yawa suna jin nauyin cewa a rubuta, wai kamar ba a yarda da juna ba. Ni dai ban taɓa ganin takarda ta ɓata zumunci ba. Mantuwa ce ke ɓata shi, ranar da ɗaya ya ce haka muka yi, ɗaya ya ce a'a.

Ba sai ta yi tsawo ba. A sa kwanan wata, sunan mai sayarwa da na mai saye, yawan dabbobi, kamannin kowacce da lambar kunnenta ko tambarinta, kuɗi da yadda za a biya, da wanda zai biya mota. A rubuta alkawuran da aka yi da baki: idan karsanar da aka ce tana da ciki ta zama babu, za a musanya ne ko za a rage kuɗi, kuma cikin kwana nawa? Sannan tambayar da aka fi mantawa da ita: daga wane lokaci dabbar ta zama ta mai saye? Idan an biya yau, za a ɗauka jibi, ta faɗi ta mutu gobe, asarar wa ce? Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa nasu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi ɗaya. Wannan takarda ita ce kuma shaidarka cewa ba kayan sata ka saya ba.

Wasu ƙasashe suna da nasu ƙarin. A Ingila kowace saniya tana da fasfo nata, kuma dole a sanar da hukuma cikin kwana 3 idan ta sauya wuri. A Ostareliya ana sa wa shanu lamba mai na'ura a kunne, kuma a cinikin kai-tsaye wanda ya karɓi dabbar shi ke da alhakin shigar da sauyin a rajistar ƙasa. Kowa ya tambayi ma'aikacin dabbobi na yankinsa abin da dokar wurinsu ta ce.

Aikin aji

1. Da bakinka, faɗi wanda ke yanke kuɗi a gwanjo da wanda ke yanke shi a cinikin kai-tsaye.
2. Shanu 8 sun yi kilo 2,500 a sikeli. An yarda da ragin kashi 2 cikin 100. Kilo nawa za a biya?
3. Likita ya ce cikin karsana wata 3 ne. Kamar wata nawa ya rage ta haihu?
4. Ku koma hirar Baba da mai saye. A ce washegari sun daidaita. Kowa ya rubuta musu takardar ciniki a littafinsa, ya ba na kusa da shi ya karanta, ya nemo abin da aka manta.