Yadda za ki tsare turmin shekara shida a bakin ɗanki

Koko da ƙosai nake sayarwa a Aboabo, nan Kumasi, kuma da kuɗin kokon na sayi wannan ilimin. Ke ki karɓa kyauta.

Jikata tana da shekara 9 kuncinta ya kumbura. Na daɗe ina ganin baƙin ɗigo a haƙorinta na can ƙurya, ina cewa ai na nono ne, in ta yi famfara zai tafi da ɓarnarsa. Da muka je asibiti likita ya haska bakin, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wannan ba shi da magaji." Ranar aka cire shi.

Ga abin da ya yaudare ni. Haƙoran nono 20 ne, na manya 32, kuma mun saba sai ɗaya ya faɗi wani ya tsiro a gurbinsa. Turmin farko na dindindin ba ya bin wannan layi. Wajen shekara 6 yake fitowa, a bayan haƙoran nono, ba abin da ya girgiɗe, ba abin da ya faɗi. Huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, kuma su ke ɗaukar nauyin tauna har tsufa.

Gane shi ba wuya. Zaunar da yaron inda akwai haske, ko ki kunna fitilar waya. Fara ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa ƙurya, ki haɗa da gurbin wanda ya faɗi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. In kin ga na shida, to shi ne. Ya fi na gabansa faɗi, samansa kuma da kwaruruka inda abinci ke maƙalewa.

Lokacin da yake leƙowa bai kai tsawon maƙwabcinsa ba, sai buroshi ya riƙa tsallake shi. Dabarar ita ce ki tsaya a bayan yaron, ya jingina kansa a jikinki, ki shigar da buroshin ta gefen kunci a gicciye, ki goge saman turmin shi kaɗai kafin ki bi sauran. Sau biyu a rana, minti biyu. Na dare ya fi na safe muhimmanci, domin in mutum ya yi barci yawu na raguwa, shi ne kuwa mai wanke baki. Kar ki sakar wa yaro buroshi ki tafi sai ya kai shekara 7 ko 8. Nawa, in na juya baya, man kawai suke lashewa.

Man goge bakin ya zama mai fuloraid, maganin da ke ƙarfafa haƙori, ki duba jikin kwalin ki ga lambar yawansa ta kai aƙalla 1000 ppm. Man da za ki matsa a buroshi: ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. In ya gama ya tofar, kar ya kurkure da ruwa. Wannan ya ba ni wuya, don mu da kurkure baki muka tashi, amma kurkurewar tana tafiya da maganin ne.

Asuwaki fa? Sunna ne, ban taɓa ajiye nawa ba, kuma yana aiki. Sai dai a hannun ɗan shekara 6 ba ya kaiwa ƙurya. Gawayi da toka kuwa kankare haƙori suke yi.

Tsutsar da ake cewa tana cin haƙori babu ita. Ƙwayoyin cuta ne a dauɗar da ke manne wa haƙori, suna cin sukari suna fitar da tsami, tsamin ke narkar da farin ɓawon waje. Ɓawon nan ya fi ƙashi tauri, amma in ya huje ba ya sake tsirowa, kuma ba shi da jijiya, shi ya sa kogo ke farawa shiru. In ya kai sashen da ke ƙarƙashin ɓawon, mai ɗan rawaya da taushi, sai yaro ya fara kukan ruwan sanyi. Ciwon da ke hana barci kuwa, ɓarna ta riga ta isa ɗakin jijiya da jini.

Ni da ke zuba sukari a koko kullum ba zan ce ki hana yaro zaƙi ba, kunya ma ta ishe ni. Abin da ke cin haƙori shi ne yawan maimaitawa. Milo da burodi mai sukari da safe, alewar tofi a hanyar boko, sobolo (zoɓo) da rana, alewa a makarantar allo, wani tofin bayan magariba: bakin bai huta ba ke nan. Haɗa masa zaƙin da abinci a zama ɗaya, tsakani ya sha ruwa. Bayan gogen dare, ruwa kawai.

In kin ga fari-fari kamar alli ko baƙin ɗigo a kan turmin, kar ki jira ciwo. Asibitin Komfo Anokye na da sashen haƙori, katin inshorar lafiya na NHIS kuma na ɗaukar ƙaramin ciko da cirewa. Ki tambayi likita ko za a shafe kwarurukan da abin toshewa tun haƙorin na lafiya. In ciwo ya kama da dare, farasitamol daidai shekarunsa da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Kar a danna asfirin a dasashi, ƙona naman yake yi. Kanumfari yana kwantar da zogi, ba ya toshe kogo. Kumburi da zazzaɓi, ko kumburin da ke gangarowa wuya ko hawa ido, wannan asibiti ne a ranar, ko kasuwa ta ci.

Ƙanin jikar tawa ya shiga shekara 6 bayan babbar salla. Shekaranjiya na haska bakinsa na ƙirga, na ƙasa ta dama ya fara leƙowa, fatar dasashi ta rufe rabinsa. Ya ce, "Kaka, me kike nema?" Na ce buɗe dai, saura hagu.