Yadda za ka gane warin hammata da warin gumi na yau da kullum

Duk wanda ya taɓa shiga trotro, wato motar haya, daga Aboabo zuwa Kejetia da tsakar rana ya san kowa na iya yin tsami, wannan ba ciwo ba ne, zafin Kumasi ne kawai. Gumi kansa ba shi da wari, bakteriyar da ke kan fata ce ke cinsa ta fitar da ɗoyi, kuma a hammata akwai wani gumi daban mai maiƙo wanda sai an balaga yake fara fitowa, shi ne bakteriya ta fi so.

To ga gwajin. Ka yi wanka da sabulu da safe, ka goge hammatar ta bushe sarai, kar ka fesa turare kar ka shafa komai, ka sa wankakkiyar rigar auduga, ba jesin ƙwallo ba don ita dama riƙe wari take ko a jikin waye. Ka zauna a inuwa kamar awa biyu sannan ka goga farin hankici ka sansana. In babu komai to naka na rana ne da zirga-zirga, wanka ya ishe ka. In kuwa warin ya dawo tun ba ka jiƙe ba, mai kaifi kamar yankakkiyar albasa, kuma daga hammata kaɗai yake tashi, to ka fara zargi.

Riga ma tana tona asiri, an wanke ta amma ana ɗora dutsen guga warin ya taso, ga rawaya-rawaya a wajen hammata. Ka duba gashin wajen kuma, in wani abu rawaya ya manne masa ya ƙi fita da wanka, bakteriya ce, aske shi. Kuma warin hammata yana bin gida, ana gado.

Matsalar ita ce hanci yana sabawa da warin mai shi, don haka ka tambayi wanda ba zai ji nauyinka ba, yayarka ko matarka, aboki kam zai ce maka ba komai.

Lemon tsami da alif da ake gogawa a zango suna ɗan ragewa, amma dan Allah ban da bayan aski, zafi ne da baƙin tabo. Antiperspirant, wato maganin rage gumi, da dare ake shafa shi a busasshiyar fata. In warin ya canza farat ɗaya, kamar na fitsari ko na kifi, wannan ba na turare ba ne, ka je asibitin Komfo Anokye likita ya duba ka.