Yadda ƙungiyarku za ta shirya taron wayar da kan mata game da ciwon sukari

Da farko ku tsayar da rana. 14 ga Nuwamba ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, amma idan kun shirya kada ku tsaya jiranta.

Na biyu, ku gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya, ta zo da na'urar gwajin sukari da allurar huda yatsa, sabuwar allura ga kowace mace. A nan babu sassauci. Ku sanar da mata su zo da safe, bayan awa 8 ba su ci komai ba sai ruwa. Wadda ke kan magani ta fara tambayar likitanta.

Na uku, kafin gwaji a bayyana alamomin: yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, kasala, miki da ya ƙi warkewa, da ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa. Wannan na ƙarshe mata kan ji nauyin faɗarsa cikin jama'a, don haka ku keɓe ɗaki inda mace za ta gana da likita ita kaɗai.

Wadda sakamakonta ya kai 126 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a cikin jini) a tura ta asibiti a sake gwadawa, domin gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Masu juna biyu a tuna musu gwajin sukari da ake yi daga mako na 24 zuwa na 28 na ciki.

Bayan mako biyu, ku kira duk wadda aka tura ku ji ko ta je.