Yadda na gyara matsalar kwasakwasan da makarantar zane ta ƙi karɓa

Da na gama kwalejin al'umma a nan Amurka, na samu gurbi a wata makarantar zane-zane. Daga cikin kwasakwasan da na yi a kwalejin, sun karɓi Turanci da lissafi da tarihin fasaha, amma kwasakwasan sutudiyo, wato na aikin zane da hannu, duk aka yi watsi da su. Wai in sake daga aji ɗaya, ga kuɗin makaranta ba wasa ba.

Ashe takardar sakamako sunan kwas da maki kawai take nunawa, ba ta nuna aikin hannu. Sai na tono manhajar kowane kwas, mai ɗauke da awannin da muka yi a sutudiyo, na haɗa da hotunan ayyukana, zanen gawayi da gwajin launuka, kowanne da lambar kwas a ƙasansa. Na kai wa shugaban sashe, don a nan shi ke da ta cewa, ba ofishin rajista ba.

Akwai kuma lissafi: kwalejinmu tsarin simista take bi, su kuwa na kwata, wato zangon karatu da ya fi simista gajarta, don haka kiredit (ma'aunin nauyin kwas) 3 namu 4.5 ne nasu. An amince da duka sai kwas guda mai D, domin ƙasa da C ba sa karɓa.