Ga masu shirin zuwa Filifins, ga maganar tsaro kafin ku fara yawo

Tambayar da iyaye suka fi yi idan yaro zai taho Filifins karatu ita ce, wai ba can ne ake sace mutane ana neman kuɗin fansa ba? Eh an yi, amma ba a inda yawancinmu muke zaune ba. Ƙasar tsibirai ce sama da 7,000, kuma yaranmu masu karatun likita da aikin jinya da haɗa magunguna akasari suna Dagupan, Baguio, Cebu, Davao, Las Piñas ko Valenzuela, su kuwa 'yan Abu Sayyaf da suka yi ƙaurin suna wajen sace baƙi, sansaninsu a da can ƙarshen kudu yake a tsibiran Sulu da Basilan, Sulu ma kusan kilomita 1,000 ce daga Manila. Yaƙin Marawi na 2017 da aka shafe wata biyar ana yi har tsakiyar garin ya zama kufai, shi ma can kudu ne a tsibirin Mindanao. Abin da zan ce kawai kan wannan yanki shi ne kar kace ai Musulmai ne a can bari naje hutu naga 'yan uwa. Musulmai ne kam, mutanen kirki kuma, amma akwai gabar dangi da dangi da suke kira rido wadda take ɗaukar shekaru ana ramuwa, kai baƙo baka san gidan wa ka shiga ba balle motar wa ka hau. In zaka je ka bi ɗan gari wanda ka sani sosai, ka kuma faɗa ma wani inda ka nufa. In masallaci da abincin halal kake nema, ga masallacin Golden Mosque a unguwar Quiapo cikin Manila, ga unguwar Maharlika a Taguig, ba sai ka tsallaka teku ba.

Abin da zai fi samunka a kullum shi ne fizgen waya. Mutum biyu kan mashin ɗaya, na baya ya fizge na gaba ya ja, kafin ka ɗago kai sun sha kwana. Kar ka tsaya bakin titi kana danne-danne, in zaka duba taswira ko ka kira Grab, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, ka shiga cikin shago tukuna. A cikin jeepney, wato motar hayarsu ta cikin gari, kar ka zauna bakin ƙofa ko jikin taga da waya a hannu, jaka kuma a gaba ake rataya ta a kasuwannin Divisoria, Quiapo, Baclaran da cikin jirgin ƙasa na MRT lokacin cunkoso, zakaga su kansu 'yan garin haka suke yi. Akwai masu zubar da sulalla a ƙasan mota ka sunkuya taya su tsincewa a zare maka walat, akwai masu tofa maka abu a riga sannan wani ya zo da hankici wai zai goge maka. A unguwannin Ermita da Malate da wajen Intramuros na Manila kuma an daɗe da sanin wasu gungu, sau da yawa mata ne manya masu fara'a wanda ba zaka taɓa zarginsu ba, su ja ka da hira su ce zo mu ci abinci, su sa maka maganin barci a lemo, ka farka babu waya babu katin banki. Wanda baka sani ba ya miƙo maka abin sha a buɗe, kace na gode kawai.

Idan kuwa aka tare ka da wuƙa ko bindiga aka ce holdap, wato fashi, don Allah ka miƙa. Dukiya fansar rai ce. Mu muna da wannan zuciyar ta ai ni namiji ne ba za'a min haka ba, to ka ajiye ta a gida, don wanda ya tare ka ba lallai yana cikin hayyacinsa ba kuma kusan kullum akwai na biyu da baka gani ba.

Amma ni duk wannan ba shi ya fi damuna ba. Fizge waya ce ta tafi, ka sayi wata. Abin da na lura yana kai baƙo asibiti ko kabari a ƙasar nan yawanci daga wanda ya sani yake fitowa, maƙwabci, mai gidan haya, abokin kasuwanci, tsohon saurayin wata, wanda ka ba bashi. Kuma tushen abin sau da yawa tozarci ne a gaban jama'a. Mutanen Filifins suna da fara'a da haƙuri sosai, zasu kira ka sir su yi maka murmushi ko kana zazzaga musu faɗa, sai ka ɗauka magana ta wuce tunda bai ce komai ba. Bata wuce ba. Mu mun saba a ɗaga murya a kasuwa a yi cacar baki, anjima a zauna a ci tuwo tare kamar ba'a yi ba. A nan in ka tsawata ma mutum a gaban matarsa ko abokansa ko ma'aikatansa ka ci masa mutunci ne, murmushin da yake yi kunya ce yake rufewa, kuma akwai wanda zai riƙe abin wata da watanni. Ga bindigogi a hannun mutane da yawa, masu lasisi da marasa shi, baka sanin wa ke ɗauke da ita. Kai kuma baƙo doka bata baka damar mallakar bindiga ba sam. Saboda haka in mai keke ya cuce ka feso 20, ka faɗa masa a hankali ko ka bar masa. In mai gida ya ƙi gyara famfo ka same shi shi kaɗai, kar ka tsaya a tsakar gida kana ɗaga murya 'yan haya na kallo. Ka riƙa cewa kuya ga namiji, ate ga mace, ka saka po a maganarka in da babba kake, wallahi wannan ɗan abun yana sauke fushi fiye da yadda kake zato. Hatta ƙarar muryarmu in muna hira tsakaninmu da Hausa wani lokaci suna ɗauka faɗa muke, sai a ɗan sassauta in dare yayi.

Da daddare a lungunan unguwa zakaga maza sun ajiye tebur a bakin hanya suna shan giya da kofi ɗaya suna zagayawa, ga na'urar waƙa tana tashi. Zasu kira ka su miƙo maka. Kar ka haɗe rai ka wuce kamar ka ga ƙazanta, kayi murmushi ka dafa ƙirji kace kai Musulmi ne baka sha, sun san wannan, zasu ƙyale ka. Amma kar ka zauna, kuma kar ka taɓa zuwa da kanka cewa su rage sauti ko jarrabawa gareka da safe, an sha yin kisa a wajen shaye-shaye da waƙa kan abin da bai kai ya kawo ba. Yara ma zasu biyo ka suna kiran sunaye saboda baƙar fata, wani babba ma zai faɗi kalmar da zata ƙona maka rai. Yana da ciwo, nasan yana da ciwo, mafi yawansu rashin sani ne ba ƙiyayya ba, amma ko ƙiyayyar ce titi da dare ba wajen ramawa bane.

Inda zaka kai ƙara shi ne barangay. Kowace unguwa tana da ofishinta da shugaba zaɓaɓɓe da suke kira kapitan, kusan kamar mai unguwa a wajenmu sai dai shi da ofis da kasafin kuɗi da 'yan sintiri da ake kira tanod. Ƙananan rigingimun maƙwabta doka ma cewa tayi a fara kai su can a gwada sulhu kafin a je kotu. Satin da ka tare ka je ka gaishe su, kace ni ɗalibi ne a makaranta kaza ina gida kaza, ka karɓi lambar wayarsu. Ka saba da mai gadin gininku da matar da ke da ɗan shago a bakin layi, ka riƙa sayen ruwa da ƙwai a wajenta kuna gaisawa. Waɗannan su zasu ce maka kar ka bi ta can yau, su zasu ce wani yazo yana tambayarka, su ne kuma zasu tsaya maka shaida in an yi maka ƙage. Yaran da suke kulle kansu a ɗaki daga makaranta sai gida basu san kowa ba, suna ganin sun tsira, alhali ranar da abu ya faru babu mai cewa ya san su.

Bashi kuma ka kiyaye. Ana ɗaukan duk baƙo mai kuɗi ne, za'a zo maka da labarin asibiti ko kuɗin makaranta. In zaka iya taimakawa ka bada abin da ba zaka nema ba, in ba zaka iya ba kace kuɗin gida basu iso ba. Bin bashi ƙofa ƙofa shi ke jawo gaba. 'Yan Indiya masu yawo kan mashin suna bada rance da ruwa an sha tare su ana harbewa saboda kowa ya san da kuɗi a jikinsu. Kar ka bari a san ranar da ake turo maka kuɗi, kar ka canza dala a bakin titi, ka shiga cikin babban kanti, sauran hidima kayi da GCash, manhajar biyan kuɗi ta waya.

Maganar mata dole na faɗe ta a fili. Tsoron Allah na farko, sannan doka. A ƙasar nan babu saki ga waɗanda ba Musulmi ba, saboda haka mace zata ce maka sun rabu da mijinta shekara biyar, a takarda har yanzu matarsa ce, kuma mijin na iya kai ku ƙara kotu ku duka biyu don laifi ne da ake ɗaurewa a kai, in ma kotun ya nufa kenan bai ɗauko makami ba. A 2022 an ɗaga shekarun amincewa da saduwa zuwa 16, sannan duk wadda bata kai 18 ba akwai dokokin kare yara masu tsauri, ko hira a waya zata iya zama hujja a kanka. In kuka ɓata da wani kar ka hau Facebook ka kira sunansa, ɓata suna a intanet laifi ne tun dokar 2012. Ke kuma 'yar uwa, tun 2019 akwai dokar da ta hana yi wa mace fito ko maganar banza a titi, ofisoshin 'yan sanda na da teburin mata da yara, MRT ma na da taragon mata. In dare yayi ki hau Grab ki tura ma wata bayanin motar, kar ki tari tasi a hanya ke kaɗai.

Ƙwaya kuwa ko kusa. Dokar 2002 tace sayarwa ko safara komai ƙanƙantarsa ɗaurin rai da rai ne, wiwi ma na ciki, mallakar giram 50 na ƙwayar da suke kira shabu shima haka. Zamanin Shugaba Duterte daga 2016 zuwa 2022 alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna an kashe sama da mutum 6,000 a samamen 'yan sanda, masu kare haƙƙin ɗan Adam sunce abin ya ninka haka, shi kansa an kama shi a Maris 2025 an kai shi kotun duniya ta Hague. Ga shi an sha kama 'yan Afirka da kaya a filin jirgi, don haka ido na kanmu. Kar ka riƙe ma kowa jaka, kar ka bari a turo saƙo da sunanka da adireshinka ko ɗan garinku ne, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kuma ba duk mai kaki bane abin yarda. A Oktoba 2016 'yan sanda suka ɗauke wani ɗan kasuwa ɗan Koriya daga gidansa a Angeles da sunan binciken ƙwaya, suka kashe shi a cikin hedikwatar 'yan sanda ta Camp Crame, sannan aka karɓi feso miliyan 5 a hannun matarsa a matsayin fansa. In an tsayar da kai ka natsu, hannunka a fili, ka nemi a je ofis, ka kira wani nan take ya san inda kake, kar ka sa hannu a takardar da baka gane ba sai da lauya.

Wani abu da ya shafi masu zuwa neman aiki, tallan nan na aikin kwamfuta albashi da dala ga gida ga abinci kyauta. A Yuni 2023 an kai samame wasu gine-gine a Las Piñas aka fito da mutum sama da 2,700, cikinsu har da 'yan Najeriya da Sudan da Somaliya, a 2024 aka sake bankaɗo irinsu a Bamban da Porac inda ake kulle ma'aikata ana dukansu ana sa su damfara ta intanet. Shugaba Marcos ya haramta kamfanonin cacar da suke fakewa da su a wannan shekarar, amma wasu sun koma ƙananan gidaje. Duk wanda yace kawo fasfo ya ajiye maka, ka juya tun daga ƙofa.

Siyasarsu ba taka bace, baƙon da ya shiga zanga-zanga ana iya korarsa daga ƙasar, kuma lokacin zaɓe musamman na ƙananan hukumomi ana zubar da jini, kar ka sa rigar ɗan takara ko kyauta aka baka. Daren sabuwar shekara ka zauna a cikin gida, bayan abin fashewa da ake kunnawa akwai masu harbi sama, kusan duk shekara sai harsashi ya faɗo kan wani. Katinka na ACR, wato katin shaidar baƙo, da hukumar shige da fice ke bayarwa ka riƙe shi a jiki tare da kwafin fasfo da biza, asalin fasfon ka bar shi a gida, kuma cikin kwana 60 na farkon kowace shekara ake zuwa a nuna kai a hukumar, kar ka bari ya wuce don wanda takardarsa ta mutu ko sata aka yi masa tsoron zuwa wajen 'yan sanda yake. Lambar gaggawa 911 ce a duk ƙasar. Ofishin jakadancin Najeriya yana Makati, kayi rajista da su da ƙungiyar ɗaliban garin da kake, sannan ka rubuta lambar mutum biyu a takarda ka sa a aljihu daban da inda wayarka take.